Gajere Ba Yaro Ba Ne: Labarin Dominika Cibulkova

A watan Janairun 2013, a birnin Sydney na ƙasar Ostireliya, wata 'yar wasan tanis daga Slofakiya mai suna Dominika Cibulkova ta shiga fili domin buga wasan ƙarshe na gasar birnin. A cikin makon ta riga ta fitar da uku daga cikin mata goma da suka fi kowa iya tanis a duniya, wato Petra Kvitova da Sara Errani da Angelique Kerber. Saura mutum ɗaya ta ɗaga kofi: Agnieszka Radwanska ta ƙasar Poland. A tanis na mata turmi uku ake yi, wadda ta ci biyu ita ke da wasa, kuma ana cin turmi ne idan an kai ci 6 da tazarar biyu. Ranar nan an tashi 6-0, 6-0. Ci goma sha biyu aka buga, Dominika ba ta samu ko ɗaya ba, a gaban dubban 'yan kallo da kyamarorin talabijin. Da wuya a ga irin wannan kaye a wasan ƙarshe, kuma akwai 'yan wasan da idan ya same su sai su shekara ba su dawo hayyacinsu ba.

Bayan wata shida, a watan Yuli, aka sake haɗa su a wani wasan ƙarshen, wannan karon a Stanford ta jihar Kalifoniya a Amurka. Radwanska ta cinye turmin farko da 6-3, har masu kallo suka fara tuna abin da ya faru a Sydney. Sai Dominika ta ɗauke turmi na biyu da 6-4, ta ƙara da na uku 6-4, ta karɓi kofin a hannun wadda ta kunyata ta. Duk wanda ya bi tarihin wasanta zai tarar wannan halin ya maimaita kansa sau da yawa: a kayar da ita mummunan kaye, ta tafi ta yi gyara, ta dawo ta nemi wadda ta kayar da ita.

An haife ta ranar 6 ga Mayun 1989 a Bratislava, lokacin ƙasar tana cikin tarayyar Cekoslofakiya. Ba ta cika shekara huɗu ba tarayyar ta rabu biyu cikin lumana, ranar 1 ga Janairun 1993, Slofakiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta da mutane miliyan biyar da 'yan kai. Ƙaramar ƙasa ce, amma tanis ba baƙo ba ne a cikinta. Miloslav Mecir, wanda ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, ɗan can ne. A birnin Kosice aka haifi Martina Hingis kafin mahaifiyarta ta tafi da ita Suwizalan. Dominika ta fara riƙe raket tana da shekara takwas a garin Piestany, wanda ya yi suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi da ake zuwa jinya, sannan iyalinta suka koma Bratislava tana da shekara goma sha ɗaya. Tana da goma sha uku, a 2002, matan Slofakiya suka ci kofin ƙasashe na duniya da a lokacin ake kira Fed Cup bayan sun doke Sifaniya. Tauraruwarsu a lokacin ita ce Daniela Hantuchova, doguwa santaleliya mai tsayin mita 1.81, irin jikin da kowane koci ke nema.

Dominika kuwa a mita 1.61 tsayinta ya tsaya. Sai mutum ya san yadda filin tanis yake sannan zai gane nauyin wannan al'amari. Tsayin raga a tsakiyarta santimita 91 ne. Mai buga sabis, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, yana tsayawa kusan mita 12 daga raga, kuma dole ƙwallonsa ta tsallake ragar ta sauka cikin gidan da bai wuce mita 6.4 daga jikinta ba. Dogon mutum daga sama yake doko ƙwallo ta gangaro da ƙarfinta. Gajere kuwa idan ya sake ƙarfinsa duka, ko dai ta daki raga ko ta wuce layi, don haka sai ya rage gudu ya murza ta ta lanƙwaso, abokin karawa ya samu lokacin shirya mata. Ga kuma gajartar hannu idan an jefa ƙwallo gefe, ga ƙwallon da ke tashi ta kai wa gajere kafaɗa alhali dogo a ƙugu take samun sa. A zamanin da Dominika ta shigo, su Maria Sharapova mai mita 1.88 da Venus Williams da Lindsay Davenport ne abin koyi, kowa ya ɗauka tanis na mata ya zama na dogaye.

Gajerun 'yan wasa da yawa kan zaɓi su ja da baya, su yi ta mayar da ƙwallo har abokiyar karawa ta gaji ta yi kuskure. Dominika ba ta bi wannan hanya ba. Ta gina ƙafafu masu ƙarfi da saurin tashi, ta riƙa tsayawa daf da layin baya, tana dukan ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa kafin ta yi sama ta fi ƙarfinta. Bugunta na hannun dama a miƙe yake, da nauyi, yana bin saman raga kaɗan. Salo ne mai haɗari, domin ranar da hannu bai saitu ba kurakurai ke yin yawa, kamar yadda aka gani a Sydney. Amma ranar da ya saitu, doguwa ba ta samun sararin ɗaga raket. Masu kallo sun san ta da ihun "Pome!" da takan yi tana dunƙule hannu idan ta ci maki mai muhimmanci, sun kuma san ta da sunsunar sababbin ƙwallaye kafin ta buga sabis.

A 2008, tana da shekara goma sha takwas, ta kai wasan ƙarshe a Amelia Island ta Amurka, Sharapova ta doke ta. Ta sake kaiwa wasan ƙarshe a Montreal ta Kanada, Dinara Safina ta doke ta. A farkon 2009 ita da Dominik Hrbaty suka ciyo wa Slofakiya kofin Hopman a Perth, inda suka doke Rasha wadda Safina da yayanta Marat Safin suka wakilta. Sai ga watan Yuni a Paris, a gasar Faransa da ake bugawa a filin jar ƙasa, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya da ake kira Grand Slam. A wasan kwata fainal aka haɗa ta da Sharapova. Gaskiya ne Sharapova ba ta daɗe da dawowa daga aikin kafaɗa ba, amma duk da haka babu wanda ya zaci abin da ya gani. Dominika ta ci turmin farko 6-0, ta kai 5-0 a na biyu, da ƙyar Sharapova ta tsira da ci biyu. An tashi 6-0, 6-2. Safina ce ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, amma daga ranar duniyar tanis ta san sunanta.

Kofin farko bai zo da wuri ba. Sai a Oktoban 2011, bayan ta faɗi a wasan ƙarshe har sau uku, ta ci gasar Mosko da ta doke Kaia Kanepi ta Estoniya. A shekarar ce kuma ta fitar da Caroline Wozniacki, wadda ke matsayi na ɗaya a duniya, daga gasar Wimbledon. Sai dai a nan ne wata matsala da ta fi gajarta wuyar sha'ani ta fito fili: faɗuwar gaba idan nasara ta matso. A Miami, cikin Maris na 2012, ta gamu da Victoria Azarenka, wadda ke kan gaba a duniya kuma ba wanda ya doke ta tun shigowar shekarar. Dominika ta ci turmin farko 6-1, tana gaba da 5-2 a na biyu, ci ɗaya ya rage mata. Hannunta ya yi sanyi, Azarenka ta farfaɗo ta cinye wasan. Masu sharhi suka fara cewa yarinyar tana da bugu amma ba ta iya rufe wasa ba. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka sake haɗa su a Paris, a zagaye na huɗu. Dominika ta doke ta 6-2, 7-6, ta kuma rufe wasan da hannunta a bugun raba gardama da ake yi idan turmi ya yi kunnen doki.

Janairun 2014 ya same ta a Melbourne, a gasar Ostireliya, tana ta 20 a jerin manyan 'yan wasan da aka ware don kada su haɗu da juna da wuri. Kocinta ɗan ƙasarsu ne, Matej Liptak. A zagaye na huɗu ta doke Sharapova 3-6, 6-4, 6-1. A kwata fainal ta share Simona Halep ta Romaniya 6-3, 6-0. A wasan kusa da na ƙarshe sai ga Radwanska kuma, shekara guda bayan abin da ya faru a Sydney, a ƙasar da abin ya faru. Ta gama da ita 6-1, 6-2. Da wannan ta zama mace ta farko da ta kai wasan ƙarshe na Grand Slam a wasan ɗai-ɗai da tutar Slofakiya. Ranar 25 ga Janairu ta kara da Li Na ta ƙasar Sin, wadda ta taɓa faɗuwa a wasan ƙarshe na wannan gasa sau biyu kuma ta ƙudura ba za a yi na uku ba. An yi gumurzu a turmin farko har bugun raba gardama, Li Na ta ɗauka 7-6, sannan ta wuce da na biyu 6-0. Dominika ta koma gida babu kofi, amma cikin wata biyu da 'yan kwanaki ta ci gasar Acapulco a Meziko, ta kuma shiga sahun mata goma na farko a duniya.

Daga nan jiki ya fara neman haƙƙinsa. Salon wasanta a kan ƙafa ya dogara, ƙafar kuwa ita ce ta fara ciwo. A farkon 2015, bayan ta kai kwata fainal a Melbourne inda Serena Williams ta fitar da ita, ciwon agarar ƙafarta ta hagu ya tsananta har sai da aka yi mata aiki. Ta yi kusan wata huɗu ba ta buga gasa ba. Ƙwararren ɗan tanis ba ya da albashi irin na ɗan ƙwallon ƙafa. Abin da ya ci a fili shi ne kuɗinsa, daga ciki yake biyan koci da tikitin jirgi da masauki. Matsayinsa a duniya kuma da makin da ya tara cikin mako 52 na baya ake lissafa shi, don haka duk makon da yake kwance tsofaffin makinsa suna zubewa babu sababbi. Wanda matsayinsa ya faɗi, tun zagayen farko ake haɗa shi da manya. Dominika ta dawo a watan Yuni, ta ƙare shekarar tana ta 38. Da ta faɗi a zagayen farko a Melbourne cikin Janairun 2016, sai ta gangara zuwa ta 66. Shekararta ashirin da shida, da tabon aiki a dunduniya, mutane da yawa sun ɗauka ta gama yayinta. A wannan tsakanin ne ta fara aiki da masanin halayyar 'yan wasa, domin ta magance rawar hannun nan da ke kama ta a ƙarshen wasa, kuma ba ta ɓoye cewa tana yin haka ba.

Shekarar 2016 ta zo da abin da ba a zata ba. Ta kai wasan ƙarshe a Acapulco, ta ci kofi a Katowice ta Poland, ta kai wasan ƙarshe a babbar gasar Madrid, sannan ta ci gasar Eastbourne a Ingila, kofinta na farko a filin ciyawa, inda ƙwallo ke bin ƙasa-ƙasa gajarta ta zama riba. Tun da daɗewa an sa ranar aurenta 9 ga Yuli a Bratislava, wato ranar wasan ƙarshe na mata a Wimbledon, domin lokacin da aka tsayar da ranar ba ta ga alamar za ta yi nisa a gasar ba. Sai ga ta a zagaye na huɗu tana fafatawa da Radwanska kusan awa uku, har aka tashi 6-3, 5-7, 9-7, wasan da masana da dama suka sa cikin mafi kyau na shekarar. Ta shaida wa 'yan jarida cewa idan ta ci wasa na gaba za a ɗage bikin. Washegari gajiya ta bayyana a jikinta, Elena Vesnina ta Rasha ta doke ta 6-2, 6-2. Aka ɗaura aure a ranar da aka sa.

A ƙarshen kowace kaka hukumar tanis ta mata, WTA, tana tara mata takwas da suka fi kowa maki a shekarar su fafata. A 2016 a Singafo aka yi. Dominika ba ta taɓa samun gurbi ba, kuma wannan karon ma sai da ta kai wasan ƙarshe a Wuhan ta ƙasar Sin, sannan ta ci gasar Linz a Ostiriya a tsakiyar Oktoba, kafin ta samu shiga. Ana raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu, kowace ta kara da sauran ukun, biyu na sama su wuce. Rukuninta akwai Halep, da Madison Keys ta Amurka, da Angelique Kerber ta Jamus, wadda ke matsayi na ɗaya a duniya kuma ta ci gasar Ostireliya da ta Amurka a shekarar.

Wasan farko da Kerber ta yi shi, ta kuma faɗi 7-6, 2-6, 6-3. Wasa na biyu Keys ta doke ta 6-1, 6-4. Faɗuwa biyu a wasa biyu, saura ƙiris ta haɗa kayanta. Hanya ɗaya ta rage mata: ta doke Halep ba tare da ta bar mata turmi ba, sannan Kerber ta yi wa Keys haka. Ta cika nata, 6-3, 7-6, ta zauna jiran abin da ba ya hannunta. Kerber kuwa ta buga wasanta da gaske duk da ta san za ta wuce, ta doke Keys 6-3, 6-3. Yanzu mutum uku, Dominika da Halep da Keys, kowace tana da nasara ɗaya da faɗuwa biyu, sai aka koma lissafin turmi. Halep ta ci biyu cikin shida, Keys ma biyu cikin shida, Dominika uku cikin bakwai. Turmin nan guda da ta ƙwata a hannun Kerber a ranar farko, a wasan da ta faɗi, shi ne ya tsallakar da ita. Da ta saki jiki a ranar bayan an cinye ta turmin farko, da labarin ya ƙare a nan.

A wasan kusa da na ƙarshe Svetlana Kuznetsova ta Rasha ta fara yi mata 6-1, ta dawo ta ci 7-6, 6-4. Ranar Lahadi 30 ga Oktoba ta shiga wasan ƙarshe, wadda ke jiran ta kuwa Kerber ce, wadda ta doke ta mako guda da ya wuce, wadda kuma nasararta a kan Keys ta buɗe mata ƙofa. Kerber ta shahara da gudu da mayar da duk ƙwallon da aka jefo mata. Dominika ta matsa gaba ta riƙa duka tun daga makin farko, ba ta bar wasan ya yi tsawon da Kerber ke so ba. Ta ci turmin farko 6-3. A na biyu ta kai 5-4, sabis a hannunta, kofin yana ajiye a gefen fili. Irin wurin nan ne hannunta ya saba sanyi. Damar farko ta rufe wasa ta kuɓuce, ta biyu ta kuɓuce, ta uku ma haka. Ba ta ja da baya ba, ta ci gaba da sakin hannu. A dama ta huɗu ta doki ƙwallo da hannun dama, ƙwallon ta daki bakin raga, ta yi tsalle, ta faɗa ɓangaren Kerber inda ba mai iya kai mata. Dominika ta zube a ƙasa. An tashi 6-3, 6-4.

Akwai sa'a a bugun ƙarshen nan, babu musu, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma ƙwallon da ta taɓa raga ta tsallaka, wadda ta yi ƙarfin halin dukan ta a miƙe a irin wannan lokaci ce take tsallaka wa, kuma shekara da shekaru Dominika ta yi tana koyon kada ta rage hannu idan tsoro ya zo. Ta karɓi kofin da ke ɗauke da sunan Billie Jean King da kuɗi sama da dala miliyan 2. Wadda take ta 66 a watan Fabrairu ta rufe shekarar tana ta 5, WTA ta ba ta lambar 'yar wasan da ta fi kowa farfaɗowa a shekarar. A Maris na 2017 ta hau matsayi na 4, ta wuce na 5 da Hantuchova ta taɓa kaiwa a 2003.

Ta ƙara nuna halinta sau ɗaya a 2018. Tana ta 32 a duniya, ya kamata ta samu gurbin ƙarshe cikin mata 32 da ake warewa a Wimbledon don kada su haɗu da juna da wuri. Masu gasar suka ba Serena Williams gurbi, wadda matsayinta ya faɗi saboda hutun haihuwa, sai Dominika ta rasa nata. Ta fito fili ta ce ba a yi mata adalci ba, wasu suka goyi bayanta, wasu suka ga Serena ta cancanta. Ta shiga gasar a haka, ta fitar da 'yar gida Johanna Konta a gaban 'yan ƙasarta, ta kai kwata fainal karo na uku a Wimbledon, nisan da mafi yawan waɗanda aka ware ba su kai ba.

Agarar ba ta bar ta ba. Wasanta na ƙarshe shi ne wanda Aryna Sabalenka ta doke ta a zagayen farko na gasar Faransa a 2019. A watan Nuwambar shekarar, tana da shekara talatin, ta sanar da ritayarta a Bratislava, ranar da ta ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarta. A shekarar da ta biyo ta haifi ɗanta na fari. Ta bar fili da kofi takwas na wasan ɗai-ɗai, da ɗaya na bibbiyu da ta ci tare da Kirsten Flipkens a 2017, da kuɗin gasa sama da dala miliyan 13, kuma ta kai aƙalla kwata fainal a duk manyan gasanni huɗu.

Ba ta ci Grand Slam ba, ba ta kuma hau matsayi na ɗaya ba. Sharapova da Azarenka da Kerber da Halep duk sun fi ta kofuna masu nauyi, amma kowace cikinsu ta sha kashi a hannunta a babban fili. Tanis na matan Slofakiya bai mutu da tafiyarta ba: Anna Karolina Schmiedlova ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Paris a 2024, kuma a Nuwambar shekarar tawagar ƙasar ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasashe a Malaga kafin Italiya ta doke ta. Duk kocin da aka kawo wa yarinya mai zafin nama yana shirin sallamar ta saboda tsayinta, ya kamata ya fara duba abin da mace mai mita 1.61 ta yi a Paris da Melbourne da Singafo, ya ba yarinyar raket ya ga bugunta tukuna.